Jijiyar da Ba Ta Yi Ciwo Ba Tukuna: Nazarin Lamarin Wani Mai Bugun Zuciya

Dilan atamfa da shadda ne daga Kano, shekarunsa 58. Zan kira shi Alhaji kawai, na kuma sauya wasu bayanan da za su sa a gane shi. Ya zo Abuja ganin jikansa da aka haifa, ya sauka gidan ɗansa. Ya haura shekara goma da hawan jini, amma sai kansa ya yi ciwo yake tunawa da magani. Ya daina shan taba tun da ya dawo daga Hajji. Ba shi da ciwon suga, kuma wannan zai yi tasiri a gaba.

Bayan sallar asuba abin ya kama shi. Ya ce ji ya yi kamar an ɗora masa buhun siminti a tsakiyar ƙirji, ga tashin zuciya, har ya yi amai sau ɗaya. Ya ɗauka olsa ce ta motsa, ya sha farin maganin nan na ruwa, ya koma ya kwanta. Surukarsa ce ta lura da abin da ya tsorata ta: hunturu na kaɗawa, kowa na cikin rigar sanyi, amma jallabiyar Baba ta jiƙe sharkaf da gumi. Ita ta matsa wa mijinta. Sun iso wajenmu wajen ƙarfe goma na safe, kusan awa huɗu da fara ciwon.

Awon jininsa 104 bisa 68, zuciya na bugawa sau 52 a minti. Takardar ECG, wato awon lantarkin zuciya da ake yi da wayoyi a ƙirji, ta fito ba a yi minti goma ba, kuma ba ta bar shakka ba: sashen zanen da ake kira ST ya ɗaga a layukan II, III da aVF, wato bangon ƙasan zuciya ne jini ya yanke wa. Muka matsar da waya ɗaya zuwa gefen dama na ƙirji, nan ma layin ya ɗaga. Wannan ya sa muka hana a saka masa ƙwayar nan ta ciwon ƙirji da ake sakawa ƙarƙashin harshe, domin idan ɓangaren dama na zuciya ya taɓu, tana iya kayar da jini warwas. Ya tauna asfirin miligiram 300, aka ba shi ticagrelor 180 mai hana jini daskarewa, da atorvastatin 80 mai rage kitsen jini, aka wuce da shi ɗakin aikin jijiya. Sakamakon jini ya biyo mu can: ƙodarsa tana aiki kamar rabin yadda ya kamata, ɓarnar hawan jini ta shekara da shekaru.

Abin da hoton ya nuna

Manyan jijiyoyi uku ne ke shayar da tsokar zuciya. Ɗaya tana bi ta dama. Biyun kuma daga tushe guda suka rabu ta hagu: ta gaba, wadda ke saukowa ta fuskar zuciya tana ciyar da kaso mafi girma na ɗakin da ke harba jini zuwa jiki, sai wadda ke zagayawa ta baya. Ana zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu har bakin waɗannan jijiyoyi, a tura ruwan rini, a kalli yadda yake gudu a allo.

Ta daman Alhaji a toshe take ruf, rinin ya je tsakiya ya tsaya kamar ya ci karo da bango. Ita ce muke kira mai laifi. Babban likitanmu ya ratsa ta da waya, ya hura ɗan balan-balan, ya kafa sitent, wato 'yar ragar ƙarfe da ke tokare bangon jijiya. Jini ya ɓalle. Kafin mu cire bututun, zuciyar ta hau bugawa sau 70 a minti, Alhaji ya ce, “Likita, an sauke buhun.”

Amma hoton hagu ya riga ya nuna mana sauran aiki. Jijiyar gaba ta tsuke kamar kashi 80 cikin 100 a tsakiyarta, wurin kuma ya yi tauri da alli, dab da inda wani reshe ya fita. Wani babban reshe na jijiyar baya shi ma ya tsuke kamar kashi 60. Babu wadda ta toshe a cikinsu, babu wadda ta jawo ciwon safiyar nan. Wannan ba baƙon abu ba ne: kusan rabin masu irin wannan bugun zuciya ana samun su da wata jijiyar da ta tsuke ban da mai laifin. Kitsen da ke taruwa a bangon jijiya ba ya zaɓen guda ɗaya.

Na matsa kusa da babban likita na ce, “Yallaɓai, tunda muna ciki, ga waya ga komai, mu gama da ta gaban mana.”

Bai ɗago daga allon ba ya ce, “Rini nawa muka zuba masa zuwa yanzu? Ka kuma tuna ƙodarsa?”

Yadda amsar wannan tambaya ta juya

Da a 2013 na yi wannan magana, da an ce ban san aiki ba. Ƙa'idar likitocin zuciya na Amurka ta wannan shekarar ta sanya taɓa jijiyar da ba ta da laifi, a lokacin aikin gaggawa, cikin abubuwan da ke cutarwa, matuƙar jinin majiyyaci bai faɗi ba. Suna da hujja. A tsakiyar bugun zuciya jijiyoyi kan tsuke don kansu, sai matsewar kashi 50 ta yi kama da 70. Jini na saurin daskarewa a wannan lokacin, sabon sitent na iya toshewa. Rini na wahalar da ƙoda. Sannan bayanan asibitoci sun nuna waɗanda aka buɗe wa jijiyoyi da yawa a zama ɗaya sun fi mutuwa. Abin da aka yi jinkirin ganewa shi ne, likitoci sun fi yin hakan ga waɗanda tun farko suka fi jigata, don haka ba lallai aikin ne ya kashe su ba.

Sai aka fara gwaji na raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wanda shi ne kaɗai ke raba gardama irin wannan. Na farkon da ya girgiza mutane shi ne PRAMI, a Birtaniya, ƙarƙashin David Wald, mutum 465, aka wallafa a 2013. An tsayar da shi kafin lokaci saboda ratar ta yi yawa: mutum 21 ne suka sami mummunan sakamako cikin waɗanda aka buɗe wa duka, 53 cikin waɗanda aka buɗe wa mai laifi kaɗai. Wasu ƙananan gwaje-gwaje a Ingila da Denmak suka biyo sahu a 2015, a shekarar kuma Amurkawa suka janye hanin. Amma duk waɗannan ƙanana ne, masu shakka na da inda za su tsaya.

Wanda ya rufe bakin galibinsu shi ne COMPLETE, wanda Shamir Mehta na Jami'ar McMaster da ke Hamilton a Kanada ya jagoranta, aka bayyana shi a Faris a watan Satumban 2019. Mutum 4,041 ne daga ƙasashe 31. Duka an buɗe musu mai laifi. Rabi aka bar su da magani, rabi aka koma aka buɗe sauran jijiyoyin da suka tsuke kashi 70 ko fiye, ko dai kafin sallama ko cikin kwana 45. Bayan kimanin shekara uku, mutuwa ta dalilin zuciya ko sabon bugun zuciya ya sami kashi 7.8 na waɗanda aka kammala wa aiki, da kashi 10.5 na waɗanda aka bari. Idan aka haɗa da komawa asibiti don a buɗe jijiya saboda ciwo ya dawo, ya zama 8.9 da 16.7. Ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa kafin sallama da waɗanda suka dawo daga baya ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin sashe na wannan gwajin da ya fi tsaya mini a rai. An leƙa cikin jijiyoyin wasu daga cikin mutanen da na'urar haske mai ganin bango daga ciki, aka tarar kusan rabinsu suna da matsewa mai tarin kitse da siririn murfi a kai, irin wadda ke fashewa ta haifar da gudan jini. Wato jijiyar da muke cewa ba ta da laifi, sau da yawa ƙanwar mai laifin ce da ranarta ba ta zo ba. A 2023 gwajin FIRE da aka jagoranta daga Ferrara a Italiya ya nuna ribar ta kai har ga 'yan shekara 75 zuwa sama, mutum 1,445. A shekarar ce ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta ce a kammala buɗewa, ko a zaman farko ko cikin kwana 45.

Abin da ya sa na yi wa babban likita waccan magana kuwa wani gwaji ne daga Zurik, MULTISTARS AMI, shi ma na 2023, mai mutum 840, wanda ya nuna gamawa a zama ɗaya bai fi jinkirtawa haɗari ba, hasali ma waɗanda aka jinkirta wa sun fi samun matsala a tsakanin. Na karanta shi da ɗoki. Amma gwaji yana magana ne kan tsaka-tsakin mutum, Alhaji kuwa yana da ƙodar da ta riga ta gaji, ga matsewa mai alli a bakin reshe wadda za ta ci lokaci da rini mai yawa, ga ɓangaren dama na zuciyarsa da bai farfaɗo ba. Idan waya ta yaga jijiyar gaba a daidai lokacin da bangon ƙasa ke sume, babu abin da zai riƙe jini. Babban likita ya fi ni gaskiya a ranar, kuma har yanzu haka nake gani.

Da jininsa ya faɗi gaba ɗaya, zuciya ta gaza harbawa, hannu da ƙafa sun yi sanyi, da maganar ma ba ta taso ba. A da an ɗauka irin wannan majiyyaci shi ya fi buƙatar a buɗe masa komai nan take. Gwajin CULPRIT-SHOCK na Holger Thiele daga Jamus, mutum 706, ya kifar da wannan tunani a 2017: cikin kwana 30, mutuwa ko wankin ƙoda ya sami kashi 55.4 na waɗanda aka buɗe wa duka, da 45.9 na waɗanda aka tsaya kan mai laifi. Haka kuma da Alhaji yana da ciwon suga, jijiyoyin uku sun lalace a wurare da dama, da mun kira likitocin tiyata mun zauna, domin ga irin waɗannan tiyatar buɗe ƙirji a yi wa jini sabuwar hanya ta fi sitent ɗorewa. Nasa bai kai can ba.

Shawarar da muka tsayar: a bar shi ya huta, a duba ƙoda bayan kwana biyu da uku, ya dawo cikin mako uku zuwa huɗu a buɗe ta gaba, a auna ta bayan kafin a ce za a taɓa ta.

Zama da iyali

Nan ne aikin ya fi wuya. A rana ta uku Alhaji na zagaya ɗaki da ƙafarsa, yana cin tuwo, yana waya da yaran shagonsa. Hoton zuciya ya nuna ƙarfin harbawarta kashi 48, ta ɗan raunana amma ba sosai ba. Awon ƙoda ya ɗan hau, sannan ya koma inda yake. A ranar yayansa ya iso daga Kano, dattijo mai natsuwa wanda kowa a gidan ke jiran ta bakinsa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Likita, Allah ya saka da alheri, kun yi ƙoƙari. Amma mutumin nan ya tashi. Ba ya jin ciwon komai. Mun biya miliyoyi, sai da aka haɗa hannu kafin su cika. Yanzu kuma ka ce mu dawo da mai lafiya a sake shiga zuciyarsa?”

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda ya taɓa zama a benci a asibiti mai zaman kansa da takardar biya a hannu ya san inda wannan tambaya ta fito. Na kai su gaban allo, na kunna hoton. Na nuna musu ta dama kafin aiki da bayansa, sannan ta gaba, inda rinin ke zuwa da kauri ya zama kamar zare, ya sake buɗewa. Ɗan Alhaji ya sa yatsa a wurin ya ce, “Baba, ka ga nan.”

Na faɗa musu lissafin yadda yake. Cikin mutum 100 masu irin halinsa, idan an bari, kamar 10 ko 11 za su sake samun bugun zuciya ko su rasu ta dalilinsa cikin shekara uku. Idan an buɗe, kamar 8. Dattijon ya ce, “Ashe uku ne kawai a ɗari.” Na ce haka ne, Alhaji. Na ƙara da cewa yawancin ribar a hana sabon bugu take, gwajin bai nuna raguwar mutuwa a fili ba. Na kuma gaya musu akwai wani gwaji da aka jagoranta daga Suwidin, FULL REVASC, mutum 1,542, wanda aka wallafa a 2024, bai sami wani bambancin kirki ba bayan kusan shekara biyar. Sannan aikin kansa na da haɗarinsa: zubar jini, ciwon ƙoda, yagewar jijiya, duk da ba su cika faruwa ba. Ban yarda a ɓoye wa mutanen da za su sayar da kadara irin waɗannan bayanai ba.

Sai na faɗi abin da ni kaina na dogara da shi, na kuma ce musu wannan ra'ayina ne, ba sakamakon gwaji ba. Mutanen da aka yi waɗancan gwaje-gwaje a kansu, galibinsu idan ciwo ya sake kama su motar asibiti za ta ɗauke su, cikin awa ɗaya ko biyu suna kan teburin aiki. Bugu na biyu a wurinsu masifa ce da ake yawan tsallakewa. Na tambayi Alhaji inda yake kwana ranar Asabar. Ya ce a gona, a ƙauyensu. Na tambaye shi sau nawa yake hawa hanya a wata. Ya yi shiru. Wannan karon Allah ya sa yana Abuja, minti ashirin daga wurinmu, kuma duk da haka sai da aka yi awa huɗu. Jijiyar gaba ta fi ta dama yawan tsokar da take ciyarwa. Idan ita ce ta toshe da dare a gona, lissafin uku a ɗari ba zai bayyana abin da zai faru ba.

Alhaji ne ya yanke maganar. Ya dubi yayansa ya ce, “Yaya, ni na ji abin nan a ƙirjina. Ba na son in sake jin sa a inda babu kowa.” Dattijon ya jinjina kai ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Aka sayar da wani fili.

Aiki na biyu

Ya dawo a rana ta 26. Mun ba shi ruwa ta jijiya kafin aiki da bayansa saboda ƙoda, muka taƙaita rini iya yadda za mu iya. Da reshen baya aka fara. Ido na ruɗi a matsewar kashi 50 zuwa 70, don haka aka zura waya mai auna matsin jini ta wuce wurin, aka ba shi adenosine don jijiyoyi su saki gaba ɗaya, aka gwada matsin bayan matsewar da na gabanta. Idan sakamakon ya zama 0.80 ko ƙasa, matsewar na hana tsoka jini. Nasa ya tsaya a 0.87. Muka bar ta. Na ga fuskar ɗan lokacin da na ce masa sitent ɗaya za a biya, ba biyu ba. Ina jin daga ranar ne ya yarda ba kuɗinsu muke bi ba.

Ta gaban ta ba da wahala kamar yadda babban likita ya hango. Balan-balan na farko bai buɗe allin ba, sai da aka sauya mai ƙarfi, aka kuma ajiye waya ta biyu a cikin reshen don kada ya rufe. Aikin ya ci sama da awa ɗaya. Na tsaya ina kallo ina tuna cewa wannan ne na so a yi a waccan safiyar, ga mutumin da ya iso zuciyarsa na bugawa 52. Ya kwana ɗaya, aka sallame shi.

Magungunan da ya tafi da su: asfirin har abada, ticagrelor safe da yamma na wata 12, atorvastatin 80, da maganin hawan jini mai kare ƙoda da zuciya. Mun rubuta wa ɗan sunayensu da manyan baƙaƙe, muka ja layi ƙarƙashin biyun farko. Sitent baƙon ƙarfe ne a cikin jini; kafin bangon jijiya ya rufe shi, waɗannan ƙwayoyi biyu ne ke hana gudan jini kama shi.

A wata na biyar ya zo, yana tafiyar rabin awa kullum ba haki. Sai da na tambayi yawan ƙwayoyin da suka rage ya amsa cewa ya yi kwana tara bai sha ticagrelor ba. Dasashinsa na jini idan ya yi asuwaki, maganin da tsada, kantin unguwarsu kuma ba kullum ake samu ba. Gabana ya faɗi. Sitent biyu a zuciya, ɗaya a jijiyar gaba, kwana tara. Laifin namu ne ma wani ɓangare: mun ɓata awa guda muna muhawara kan aiki na biyu, amma ba mu tambayi ko za a iya sayen wannan magani wata goma sha biyu a jere ba. Muka mayar da shi kan clopidogrel, wanda bai kai wancan ƙarfi ba amma sau ɗaya ake sha a rana, ana samunsa ko'ina, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Da azumi ya matso muka tsara masa shansa da buɗa-baki.

Mugun kitsen jininsa, LDL, ya sauko zuwa 2.1, alhali abin da ake nema ga mai irin tarihinsa ƙasa da 1.4 ne. Muka ƙara masa wani maganin rage kitse, ezetimibe miligiram 10. Reshen bayan nan mai kashi 60 yana nan inda muka bar shi, kuma magani ne kaɗai ke tsare da shi. Yanzu surukar ce ke riƙe da lissafin ƙwayoyin, duk Juma'a tana kiran uwargidan a Kano su ƙirga tare. Zai dawo bayan Babbar Sallah mu sake auna kitsen da ƙodar.